Inda Murya Ke Mutuwa a Zauren Taro

Sunansa na yanka ya daɗe da ɓacewa a bakin mutane. Gwaji ake ce masa, domin shekara ashirin da shida ke nan duk taron da za a yi a zauren ƙungiyar ma'aikata muryarsa ake fara ji: "Gwaji, gwaji, ɗaya, biyu." Gajere ne, da sukundireba a aljihun gaba, makullin ɗakin na'ura kuma a rataye a wuyansa kamar laya. Bai yi nisa a karatu ba. A hannun wani tsohon mai gyaran rediyo ya koyi aikin, kuma abin da yake taƙama da shi ɗaya ne: taro bai taɓa watsewa saboda shi ba.

Zauren dogo ne. Manyan lasifiku biyu ne a gefen dandamali, ɗaya dama ɗaya hagu, hanya ta ratsa tsakanin benci. A bakin hanyar, daidai tsakiya, aka kafa kujerar Shugaba mai hannu biyu, wadda ko mai shara ba ya jingina da ita.

Wata uku da suka wuce ɓera ya ci wayar lasifikar hagu. Tsohuwar wayar ja da baƙi ce. Gwaji ya laluba akwatinsa bai sami irinta ba, sai wata fara mai harshe biyu masu kama ɗaya. Ya ɗaura, ya kunna, ya tsaya gindin ta hagu ya ji tana magana, ya tsaya gindin ta dama ya ji ita ma. Ya kulle ya tafi gida.

Daga ranar Shugaba ya daina jin masu jawabi.

"Malam Gwaji," ya ce bayan taron farko, "yau daga cikin gwangwani ka sa mutane suke yi mini magana?"

"Ranka ya daɗe, ni dai ina ji rangaɗau daga teburina."

"To ni kurma ne ke nan."

"Allah ya tsari bakina."

A taro na gaba Gwaji ya ƙara sauti. Na gefe suka toshe kunnuwa, lasifika ta yi ta fito, Shugaba kuwa hannu na bayan kunne. Abin haushin, mai gadi da ke zaune can bayan bango, wanda ko dandamalin ba ya hange, shi ke ba mutane labarin abin da aka faɗa, domin muryar tana zagayowa ta ƙofa ta same shi har kan bencinsa.

Gwaji ya sauya makirufo. Ya kwance na'urar ƙara sauti ya hure mata ƙura. Ya hau tsani ya karkata lasifikun, ya sauko, ya sake hawa ya mayar da su. Duk a banza, talaka ya girmi sarki. A zuciyarsa ya gama yanke hukunci cewa kunnen Shugaba ne ya fara tsufa, amma wa zai faɗa? Shi ma Shugaba ya yanke nasa.

"Asabar babban taron shekara ne," ya ce. "In na zauna ban ji ba, ka ajiye mini makullin nan. Tsufa ba laifi ba ne."

Ran Alhamis da hantsi 'yarsa ta fari, wadda ke koyar da kimiyya a makarantar sakandare, ta zo gaishe su. Ta tarar da shi zaune a tsakar gida yana ta juya sukundireba, uwarta na wanki a gefe.

"Bar shi," uwar ta ce. "Kwana uku ke nan da lasifika yake hira, ni na zama bango."

Ya ba 'yar labari yana tsaki. Ta saurara har ya gama, sannan ta tambaya, "Baba, ka taɓa zama a kujerar ka ji da kunnenka?"

"Kujerar Shugaba? Ke, ki kiyaye ni."

Ta jawo bahon ɗauraya na uwarta, ta jira ruwan ya kwanta. Ta sa yatsa ɗaya a dama, ɗaya a hagu, tana tsoma su tare tana ɗagawa tare. Da'irori suka taso daga kowane gefe, suka haɗu a tsakiya, wurin ya yi ta tsalle.

"Yanzu kuma duba." Sai ta koma in wannan ya nutse wancan ya tashi. Ruwan na motsi ko'ina, amma wani siririn layi a tsakiyar bahon ya kwanta luf.

"Tudun wannan ne ke faɗawa cikin kwarin wancan, sai su cinye juna," ta ce. "Murya ma haka take tafiya a iska. In lasifika ɗaya tana tura iska a lokacin da ɗayar ke ja, wanda ke daidai tsakiyarsu shi ne zai rasa. Ka ƙara sauti har bango ya tsage, ƙarfin turawar da na jan tare za su ƙaru."

"Ku ba ni bahona," uwar ta ce. "Malamai biyu, wanki bai ƙare ba."

Gwaji bai yi dariya ba. Farar wayar nan ce ta faɗo masa a rai.

Washegari da safe ya buɗe zauren, ya ajiye rediyo gaban makirufo. Ya waiga dama da hagu kamar ɓarawo, sannan ya zauna a kujerar. Muryar mai labarai ta zo masa siririya, ba ta da gindi, kamar daga gwangwanin da aka faɗa. Ya tashi ya yi taku uku gefe, murya ta cika. Ya dawo, ta tsere. Wata uku yana zargin kunnen bawan Allah!

Ya cire ragar lasifikun, ya zaro batirin tocila, ya taɓa harsunan wayar a jikin batirin kamar yadda maigidansa mai gyaran rediyo ya koya masa tun yana saurayi, dabarar da ya watsar tun da ya saba da ja da baƙi. Takardar da ke cikin lasifikar dama ta turo waje. Ta hagu ta shige ciki. Ya juya harsuna biyun. Aikin bai kai shan ruwa ba.

Ran Asabar Shugaba ya ji komai, har tarin magatakarda. Da aka tashi ya kira shi gaban 'yan kwamiti.

"Madalla. Me ya lalace?"

Na'urar ta tsufa, kowa ya sani, da Gwaji ya ce ita ce ba mai musu.

"Ba abin da ya lalace, ranka ya daɗe. Ni na ɗaura waya a juye."

Ya so ya yi musu bayanin bahon, har ya ɗaga yatsu biyu, amma ba wanda ke kallon yatsun.

"Wato wata uku hannunka ne," Shugaba ya ce, "kana yi mini kallon kurma. Ka ga abin da nake faɗa game da tsufa?" Ya miƙo tafin hannu.

Gwaji ya ce a ba shi minti biyu. Ya je bayan lasifikar hagu, ya tsinko jan zare daga bakin labulen dandamali, ya ƙulla shi tam a harshen da ya kamata ya zama ja, don kada wanda zai gaje shi ya faɗa ramin nan. Sannan ya ciro makullin daga wuyansa.