Shekarar da Haula Ta Maimaita

Duk mai awaki tsakanin Dakoro da Tagriss ya san Haula Tanimu, ko da bai riƙe sunanta ba. Ita ce siririyar matar nan da ke zuwa bisa moto da akwatin ƙanƙara ɗaure a baya, ta sauka bakin rijiya, ta naɗe hannun riga ta ce a kamo mata ta farko. Makiyaya dokto suke ce mata. Ta sha gaya musu ita ba dokto ba ce, karatun kiwo ta yi, amma sunan ya manne mata, har ta gaji ta ƙyale su.

An haife ta a wani ƙaramin ƙauye na ƙasar Mai Yara a shekara ta 1998. Mahaifinta Tanimu manomi ne, gero da gujiya. Mahaifiyarta Dela kuwa jajayen awaki take kiwo a bayan ɗaki, kuma ba ta yarda kowa ya taɓa mata su sai Haula. A gidan babu wanda ya taɓa zama a aji kafin ita. An sa ta lakwal, makarantar boko, ne don an zo rubuta yara a shekarar da ta kai, Tanimu kuma bai ga dalilin ɓoye ta ba.

Tana da shekara goma sha biyu ciwo ya shigo garken Dela. Majina, zawo, akuya ta ƙi ci, kwana uku ta kwanta. Cikin tara, bakwai suka mutu a kwana goma. Haula ce ta riƙa jan su zuwa bayan gari. Bayan haka ne wani ma'aikacin kiwo, na elbaj kamar yadda ake ce musu, ya zo daga Dakoro yin allurar rigakafi ga abin da ya rage a garin. Sunansa Intalla, dogon Buzu mai magana a hankali. Haula ta riƙe masa awakin unguwarsu tun hantsi har azahar. Da zai tafi ta tambaye shi yadda ake zama irinsa.

Ya ce, "Ki yi karatu."

Iyakar abin da ya ce ke nan, ita ma ba ta san akwai sauran tambaya ba.

Ta yi karatun. Ta wuce kwalej, kilomita shida kullum a ƙasa. Faransancinta ya yi kyau ƙwarai, don tana son karanta duk takardar da ta faɗo hannunta. Lissafi ne ya gurgunce. Malaminsu ya yi doguwar jinya suna aji na uku, kusan shekara ba su ga lissafi a allo ba, kuma ba su taɓa cike wannan giɓin ba.

Gab da burebe, jarrabawar ƙarshen kwalej, aka raba musu takarda, kowa ya rubuta seri, wato ɓangaren karatun da yake so idan ya shiga lise, makarantar gaba da kwalej, A ko C. Aka ce a kai gida a yi shawara da iyaye. Haula ta iske mahaifinta yana gyaran jinkar rumbu.

"Baba, an ce mu zaɓa. A ko C."

"Mi ne ne su?"

"An ce A ta masu Faransanci ce da tarihi. C ta masu lissafi."

Tanimu ya sauko daga tsani ya duba takardar, ko da yake ba ya karanta boko. "A cikin baƙaƙen nasu, wanne ke gaba?"

"A."

"To ki ɗauki na gaba mana. Mi za ki yi da na baya?"

Ta rubuta A. Hankalinta ma ya kwanta, don ƙawarta Khadijatul Kubra, wadda suke zama benci ɗaya tun ajin farko, ita ma A ta rubuta. Da sakamako ya fito duk sun ci burebe, masu rabon ɗalibai suka duba not ɗin Haula, wato makinta, sha huɗu bisa ashirin a Faransanci, takwas a lissafi, suka ba ta abin da ta nema.

A watan Oktoba na 2014 ta zo Dakoro ta sauka gidan ƙanwar mahaifinta, Gwaggo Ramla, mai sayar da fura kusa da tasha. Ajin segon A, shekarar farko ta lise, ya karɓe ta. Cikin wata guda malamin Faransanci ya fara karanta rubutunta a gaban aji.

Wata ranar kasuwa Gwaggo ta aike ta ta kai fura kasuwar bisashe. Can ta hangi Intalla yana duba bakin wani rago. Bai gane ta ba sai da ta tuna masa da awakin Dela. Ya yi murna da jin ta kai lise.

"Wace seri?"

"A."

Ya saki ragon. "Ba ke ce kika ce aikina kike so ba?"

"Ni ce."

Ya tsuguna ya share ƙasa da tafin hannu, ya ja layi biyu da yatsa. Ya ce wannan A ce, tana kai mutum shari'a, harsuna, tarihi, aikin jarida, duk karatu ne mai kyau. Wannan kuma C ce, a shekara ta biyu take rabuwa, wasu su zarce da C, wasu su shiga D mai ilimin halittu. Ya ce duk abin da ya shafi jikin dabba, ko jikin mutum, ko shuka, jami'a ba ta karɓar mutum sai da bak, jarrabawar ƙarshen lise, ta D ko C.

"Wanda ya fito ta A fa?"

"Ba su ko buɗe takardunsa." Ya miƙe ya kaɗe hannunsa. "Ran nan da kika tambaye ni, da na ƙara miki bayani. Ban yi tsammanin za ki kawo nan ba."

Haula ta koma gida da ƙwaryar fura, ta manta ba ta karɓo ludayin Gwaggo ba.

Ranar Litinin ta je buron sansar, mai kula da tsarin karatu na lise. Ta roƙi a mayar da ita C, ya saurare ta har ta gama. Ya ce an yi mako shida da komawa, an rufe sunaye, amma ba zai ce a'a da kansa ba, ta je ta ga Mushe Halidu mai koyar da lissafi a segon C. Mushe Halidu gajere ne, ba ya dariya a aji, ɗalibai na tsoronsa. Ya ce ta zo ranar Asabar da safe. Ya ba ta tambayoyi biyar da awa biyu, ya gyara a gabanta. Biyar bisa ashirin.

Ya ce, "Ko yau aka buɗe miki ajin nan ba za ki iya zama ba. Ba wai kanki bai ja ba. Akwai abin da ba a koya miki ba, kuma duk abin da muke yi a kansa yake tsaye."

"To ƙaƙa zan yi, Mushe?"

"Hanya biyu ce. Ki zauna A, kin iya, nan da shekara uku kin samu bak, wataƙila ma da yabo. Ko kuma ki ƙare bana a A, kina zuwa wurina duk Asabar, baɗi ki nemi a mayar da ke segon C ki faro daga farko. Shekara guda ta tafi. Kuma ban yi miki alkawarin za ki ci ba."

Kubra ta ce wannan hauka ce. Mutum yana ta ɗaya a aji ya koma ya zama na ƙarshe a wani, saboda akuya? Gwaggo Ramla ba ta ce komai ba game da seri. Ta ce ita dai ɗaki na nan, shekara uku ko huɗu duk ɗaya ne a wurinta, amma maganar ta Yaya Tanimu ce.

Da hutun Disamba Haula ta je gida. An gama girbi, Tanimu na zaune yana kaɗa igiya. Ta yi masa bayani kamar yadda Intalla ya yi mata, har da layukan a ƙasa. Ya daɗe yana kallonsu.

"Wato ni na sa ki a wadda ba ta zuwa."

"Ba ku sani ba, Baba. Ni ma ban sani ba."

"Faɗuwa kika yi da za ki maimaita?"

"A'a."

"To mi zan ce wa mutane? Ɗiyar Tanimu ta ci, amma ta koma baya?"

Dela na tankaɗe a bakin ɗaki, ba a sa da ita ba. Ba ta ɗago kai ba ta ce, "Ka ce musu ni na ce ta koma. Wanda ya ƙara tambaya ka turo mini shi."

Tanimu ya ci gaba da igiyarsa. Ranar da Haula za ta koma, ya ɗora mata buhun gero a amalanke zuwa bakin hanya, ya ce ta gaya wa Ramla na baɗi ma yana nan ya ware.

Sauran shekarar ta yi ta a kan aiki biyu. Ba ta saki A ba, don sansar ya gaya mata ba a duba roƙon wanda not ɗinsa ya zube. Duk Asabar kuma tana gaban Mushe Halidu. Bai fara da littafin lise ba, na aji biyu na kwalej ya miƙa mata, ta ji kunya har ta naɗe bangonsa da takardar siminti. Wata rana ta yi kuka a kan lissafin kaso, ya jira ta gama, ya tura mata allo. A watan Yuni ya sake ba ta tambayoyi biyar. Sha ɗaya bisa ashirin. Ya sa hannu a takardar roƙonta, aka amince.

Segon C ba ta yi mata daɗi ba. Ta girmi yawancin ƴan ajin, suka sa mata Yaya Haula, wasu da ladabi, wasu da tsiya. Mata shida ne cikin su hamsin da ɗaya. Fizik ya wahalar da ita fiye da lissafi, a zangon farko ita ce ta talatin da takwas. Kubra na aji na gaba, suna gaisawa a bakin famfo, amma hirar ta ragu don ba littafi ɗaya suke karantawa ba. Sai da ta shiga D a shekara ta biye ta fara numfashi. Ranar da aka zana musu cikin dabba mai tuƙa a allo, ita ce ta gyara wa malamin sunan tumbi da Hausa, don ta sha wanke shi da Sallah.

Ta zauna bak a 2018. Ba ta ci a zagayen farko ba, sai a na biyu, ba tare da yabo ba. Ta nemi makarantar likitocin dabbobi ta Dakar, gurabe kaɗan ne, not ɗinta bai kai ba. Wannan ya yi mata ciwo. Daga baya ta kai takardunta jami'ar Maradi, sashen noma, ta bi fannin kiwo. Can ta ga amfanin shekarar da ta yi a A, don ita ce ke gyara wa ƴan rukuninsu rahoto kafin a miƙa. Ta fito da lisans, digirin farko, a 2022. Kubra a lokacin ta gama shari'a a Tahoua, tana aiki da wata ƙungiya mai sasanta manoma da makiyaya. Sukan haɗu yanzu a taron burtali, kowace da jakar takardunta, kuma hirar ta dawo.

Da Haula ta komo Dakoro, Intalla ya riga ya bar aikin gwamnati ya buɗe shagon maganin bisashe kusa da kasuwa. Gwiwoyinsa sun daina yarda da moto, sai ya ba ta nasa. Shi yana shago, ita tana daji. Lokacin rigakafi takan yi kwana goma ba ta shigo gari ba, daga ƙauyukan Adjekoria har rijiyoyin arewa. Saniya ta taɓa karya mata ɗan yatsan hagu, ya warke a karkace. Ta yi aure bara da wani malamin firamare, suna zaune a unguwar bayan likita, wato asibitin garin.

Abin da ya fi damunta yanzu raƙuma ne. A jami'a darasi biyu kawai aka yi musu a kansu, kuma arewacin Dakoro ƙasar raƙumi ce. Watannin baya wani dattijo mai suna Agali ya tare ta a wata rijiya ta ƙasar Tagriss, ya kai ta gaban taguwarsa da ta rame tana zubar da hawaye. Haula ta zagaya ta sau biyu, ta duba ido, ta duba dasashi.

Ta ce, "Baba, gaskiya ban san raƙumi ba kamar yadda na san akuya. Ku gaya mini abin da kuka gani, tun daga farko."

Agali ya dube ta da mamaki, sannan ya zauna ya fara. Hausarsa ba ta da yawa, Tamashek ɗinta bai kai nan ba, suka haɗa da hannu. Ta rubuta duk abin da ta fahimta, ta ɗebi jini, ta hau tudu inda waya ke kamawa ta kira Intalla. Suka tsayar da magani. Bayan mako uku ta koma, taguwar ta tashi tana kiwo.

Tun daga ranar, duk zuwanta rijiyar Agali na ware mata rabin awa. Yana koya mata sunayen ciwon raƙumi da harshensu da yadda ake gane kowanne, tana rubutawa a kaye, littafin rubutu mai shuɗin bango. Ta cika shafi arba'in. Ya ce idan damina ta sauka ta zo ya nuna mata ciyawar da ke kumbura musu ciki, don ba a iya kwatanta ta da baki.