Shayin Bai Bushe Ba

Goggona ta yi rabin rayuwarta tana shiga jirgin sama, amma ko sau ɗaya bai taɓa tashi da ita ba. Shara take yi. Da fasinjoji sun gama sauka sai su hau, ita da abokan aikinta, da tsumma da leda da injin zuƙe ƙura. Mu yaran gida har Goggon Jirgi muke ce mata, ta bi mu da zagi tana dariya.

Ba ruwanta da kilomita, da datti take auna nisa. Jirgin kusa, takardun alewa ne kawai. Na nesa kuwa, barguna a cukurkuɗe, safa ƙafa ɗaya, matashin kai sharkaf da yawun barci.

Ɗanta tilo yana can inda ɗaya daga cikin jiragen yake zuwa kullum. Karatu ya kai shi, aiki ya riƙe shi. Tun yana ƙarami, in ya sha alewa, sai ya murɗe takardar ya ƙulla ta tsakiya kamar igiya. Wajen ubansa ya ɗauko ɗabi'ar, Goggo ta yi faɗa har ta gaji.

Da ciwo ya kwantar da uban, likita ya ce a kira na nesa. Ni na riƙe mata wayar.

"Umma, nisa ne fa," in ji ɗan nata. "Bari dai na ga yadda aiki zai yi."

Kai, raina ya ɓaci, har na buɗe baki. Goggo ta ɗaga mini hannu.

"Ɗan nan," ta ce a hankali, "ni nake share jirgin garinku. Jiya yaron wata ya kifar da shayi tun suna tasowa, ma'aikaciyar jirgi ta gaya mini. Da na durƙusa gogewa, wallahi wurin da sauran danshi. Nisan ke nan."

Layin ya katse. Ba mu san ko zai zo ba.

Masu shara ba sa ganin fasinja, ta wata ƙofa ake shigar da su bayan kowa ya fice. Don haka kullum ta hau jirgin nan, kujeru kawai take kallo. A gida kuwa Malam, mijin nata, ya daina cin abinci, sai idonsa a kan ƙofa.

Rannan tana zura hannu a aljihun wata kujera ta gefen taga, ta ciro takardar alewa, a murɗe, an ƙulla ta tsakiya. Ta zauna a kujerar, abin da aka hana su yi, ta kira ni a waya.

"Ke, kai wa Malam wayar kunnensa."

Na kai. Ina ji ta ce, "Malam, ka daure kaɗan. Ya sauka."