Harafin da Gesualdo Ya Rage

Gesualdo Carbone masassaƙin dutse ne a garinmu, can cikin tsaunukan Lukaniya. Duk kabarin da ke maƙabartarmu shi ya sassaƙa sunan mai shi, aikin hannunsa kuwa sai wanda ya gani. Amma ko bihim bai iya karantawa ba, kuma ya ɓoye wannan kamar ciwon ciki. Fada Saverio, limamin cocinmu, ke rubuta masa a takarda, shi kuma ya kwafa kamar mai zanen fure. Da asirin zai tonu, da aiki ya koma hannun masassaƙin garin gaba, ga shi da 'ya'ya biyar.

Da aka gina famfo a dandali, Fada ya rubuta masa ANNO, wato "a shekara ta" da Latin, sannan lambar shekarar. Dutsen ya yi masa kaɗan. Gesualdo ya ga haruffan tsakiya iri ɗaya ne, ya ce tunda ba sunan kowa ba ne, ɗaya ma ya wadatar. Bai san cewa ANO, a bakinmu, dubura ke nan ba.

Ranar buɗewa aka yaye ƙyalle. Mai kantin magani ne ya fara tuntsurewa da dariya.

"Fada, wai ta ina ruwan nan yake fitowa?"

Magajin gari bai yi dariya ba. Ya juyo ya ce, "Gesualdo, ba ka karanta abin da kake sassaƙawa ne?"

Kafin ya buɗe baki Fada ya ce, "Ku ƙyale shi. Ni na rubuta haka. Ya ma ja hankalina, na ce ya bi takarda."

Takardar tana aljihun Gesualdo, da haruffanta cif. Ya dafe aljihun. Kunya ta kama shi, amma tsoro ya fi ta ƙarfi.

Shekara shida ana yi wa Fada ba'a, har yara suka yi masa waƙa. Gesualdo yana ji, yana sunkuyar da kai.

Sai da Fada ya kwanta ciwon ajali sannan Gesualdo ya iya zuwa ya durƙusa a gefen gadonsa.

"Fada, ni ne na rage harafin. Ban iya karatu ba."

"Na sani tun ranar da ka fara riƙe takardata a kife, ɗana."

"Bari in je in faɗa wa mutane."

"Yanzu kuma? Sai ka sa su ce limaminsu ya mutu maƙaryaci. Tashi ka tafi gida."

Gesualdo ya ƙara shekara ashirin a duniya, bai faɗa wa kowa ba.