Malam Mikail Ya Zaɓi Gurmi

Duk wanda ya san Ƙofar Ɗan Agundi ya san rumfar Malam Mikail mai gyaran littattafai. In bangon littafinka ya yage, ko gara ta ci gefensa, ko ɗinkin ya ɓarke, wurinsa za ka nufa. Zai karɓa da hannu biyu, ya shinshina, ya gaya maka irin ɗakin da ka ajiye shi, kuma ba ya kuskure. Ni Modu mai wankin hula, rumfata tana kallon tasa fiye da shekara ashirin, tare kuma muka yi karatun allo. Don haka in na ba da labarinsa, kada wani ya ce min jita-jita nake kawowa.

Gidansu gidan malamai ne tun kaka da kakanni. Yayansa Malam Abdulbaqi shi ne ɗan fari, shi ne kuma babban gida tun rasuwar mahaifinsu. Mutum ne da in ya yi gyaran murya a soro, har kajin cikin gida sai su shiga taitayinsu. Mikail kuwa mai sanyi ne, ba ya musu, ba ya ɗaga ido. Aibinsa ɗaya a wurin mutanen gidan, Allah ya ba shi murya.

Muna 'yan shekara goma sha biyu ya haɗa gurmi da hannunsa, da ƙoƙo da fatar akuya da wayar birkin keke. Kwana tara ya yi yana kaɗawa a bayan ganuwa kafin labari ya kai gida. Mahaifinsu bai dake shi ba. Cewa kawai ya yi, "A gidan nan ba mu gaji kiɗa ba," ya miƙa wa Abdulbaqi gurmin. A gabana Abdulbaqi ya ɗora shi a gwiwa ya karya. Tun ranar ban sake jin Mikail ya buɗe baki da waƙa ba. Sai dai in yana ɗinki, zare a haƙori, za ka ji yana wani ɗan guna-guni ta hanci, da ya ga inuwar mutum kuma sai ya mayar da shi tari. Shekara talatin da huɗu ina jin tarin nan, kuma yana ba ni haushi.

Sai ga shekarar da soja suka koma bariki. Gari ya ɗauki zancen zaɓe, kowa yana nuna tawadar da ke yatsansa kamar ya yi lalle. A cikin daminar nan ne Shehu, ɗan ƙanwarsu, malamin sakandare, ya dawo daga kwas a Ibadan da wani wasa da ya koyo wurin abokansa. Ya zauna ya kwafe dokokin da Hausa a littafin rubutu, ya sauya abin da ya ga ba zai shiga kunnenmu ba. Ba kati, ba dara. Mutum ɗaya ne yake ba da labari, sauran su zama ayarin matafiya a cikin labarin. Kowa zai zaɓi jinsinsa da sana'arsa, a rubuta masa a takarda. In ka ce za ka yi wani abu, sai ka jefa ƙwaya irin ta lido, amma mai fuska ashirin, ita za ta nuna ko ka dace.

Da jin an ambaci ƙwaya, Malam Abdulbaqi ya ce a kawo masa. Ya juya ta a tafin hannu, ya yi wa Shehu tambayoyi kamar mai bincike a kotu. Da ya tabbata ba caca ba ce, ya ce a yi a soronsa ranar Alhamis bayan la'asar, inda idonsa zai gani, a kuma tashi da kiran magariba. Wai sa ido zai yi. Kafin Shehu ya gama bayanin birnin da ruwa ya cinye da ƙofarsa ta tagulla, mai sa idon ya matso da buzunsa har yana taka min ƙafa.

Mu huɗu ne a ayarin, da ni da Garba mahauci da malaman biyu. Shehu ya karanto jinsi: ɗan Adam, wada, ɗan ruwa, aljani.

"A'uzu billahi," in ji Garba. "Da yammacin nan za ka sa in ce ni aljani ne? In na ainihin suka ji suka zo gaisuwa fa? Rubuta ɗan Adam."

Ni na ɗauki wada, don na gaji da buga kai a ƙofar mutane. Aka kwashe da dariya, har Malam Abdulbaqi ya rufe baki da gefen rawani.

Sai sana'a: mayaƙi, maharbi, malami, ɓarawo, mawaƙi. Shehu ya yi ta roƙo wani ya ɗauki ɓarawo, wai shi ne mai buɗe kwado da gano tarko. Ba wanda ya ko kalle shi. Wa zai yarda gobe a nuna shi a layi a ce ga ɓarawon can? Garba ya ce wuƙa ba baƙuwarsa ba ce, mayaƙi. Ni na ce kakana a Borno maharbi ne, ko da yake ban taɓa jin ya harbi abin da ya wuce zabuwa ba. Ka ga wautarmu, an ba mu duniya sabuwa fil, an ce zama duk abin da kake so, amma kowa ya juya ya ɗauko gadon gidansu.

Shehu ma bai tsira ba. Da ya miƙa wa kawunnansa takardunsu, ashe tun a gida ya riga ya rubuta "malami" a kan duka biyun. Bai ga abin tambaya a ciki ba, mu ma ba mu gani ba. Mikail ya karɓi tasa ya daɗe yana kallo. Aka kira salla, Shehu ya ce kowa ya riƙe takardarsa, Alhamis mai zuwa a tabbatar da zaɓi a kama hanya.

Washegari ko hular farko ban ɗora a kan gungume ba, sai ga Mikail ya tsallako titi.

"Modu, mawaƙin nan, me yake yi a cikin ayari?"

"Ina na sani? Tambayi ɗanku."

"Na tambaye shi. Wai in ayari ya karaya shi yake tashe su. Wai akwai ƙofar da takobi ba ya buɗewa sai murya."

Idonsa yana ƙyalli kamar na mai sabon aure. Satin nan kaf bai bar ni na yi aiki ba. Ya zo ya ce mawaƙinsa ɗan ruwa ne, tunda shi bai taɓa ganin ruwan da ya fi na Tiga ba. Ya koma, ya dawo ya ce gurmin sunansa Zinariya, da ƙoƙon da aka tsinta a bakin teku aka yi shi. Ya zana shi a bayan takardar, har da igiyar ratayawa. Dattijo mai furfura a gemu yana tsallake kwata da gudu don ya gaya min launin rigar mutumin da babu shi! Na yi ta yi masa tsiya, amma wallahi daɗi nake ji.

Sai dai kalmar nan "malami" ta gaban takarda bai goge ta ba. Ranar Laraba ya zo ya zauna a bencina.

"In na faɗa a gaban Yaya, zai ɗauka gidanmu na raina. Zai ce abin da Baba ya hana nake zagayowa in ɗauka. Ka san shi, ba zai yi faɗa ba. Tashi zai yi ya shige, shi ke nan, ba soro ba wasa, gaisuwa ma sai ta yi wuya."

"A takarda ne fa, Mikail."

"Ni ma na sani. Amma ko a takardar ban taɓa samu ba."

Tausayinsa ya kama ni.

Alhamis ta zo da yayyafi. Muka hallara, Shehu ya baza taswirar da ya zana, ya fara kiran suna. Garba, ɗan Adam, mayaƙi. Modu, wada, maharbi. Kawu Malam, ɗan Adam, malami.

"Kawu Mikail, ɗan Adam, mala…"

"Dakata, Shehu." Mikail ya ɗago kai. "Ɗan ruwa nake so. Kuma mawaƙi."

Garba ya buɗe baki zai yi dariya, na taka masa yatsa. Malam Abdulbaqi bai ɗago ba, carbinsa kawai ya tsaya.

"Da me zai yi kiɗan?" ya tambaya.

"Da gurmi, Yaya."

Ni kaɗai a cikin baƙin soron na san nauyin kalmar nan. Na ga Malam ya dafa buzu kamar mai shirin miƙewa. Sai ya gyara zama.

"Ni ba na bin ayari da mawaƙin da ban ji muryarsa ba. In da gaske kake, yi mu ji."

Mikail ya kalle ni, na gyaɗa masa kai. Ya yi tarin nan nasa, na ce a raina shi ke nan, ya gudu. Ashe share maƙogwaro yake. Ya sa yatsu a bangon wani littafi yana ƙwanƙwasawa, ya ɗauko waƙar da mahaifiyarsu, marigayiya Hajo, take yi in tana niƙa da safe:

"Dutse yi haƙuri, gero ne ya kawo ni,
hannuna biyu, bakuna goma,
rana ta fito ba ta tambaye ni ba,
tashi Mika'ilu, tashi…"

Jama'a, murya! Shekara talatin da huɗu a rufe, ta fito ba tsatsa. Tsigar jikina ta tashi, Garba ya saki baki, masu wucewa a lungu suka tsaya cikin yayyafi. Amma da ya zo "tashi" na biyu sai ya sarƙe. Ya sake ɗaukowa, ya sake tsayawa a wurin. Ya manta ƙarshen baitin.

"Tashe min wancan," in ji Malam Abdulbaqi, a hankali.

Duk muka juya.

"Haka take cewa. Tashi Mika'ilu, tashe min wancan. Ba ta faɗin sunana, ni ne ɗan fari." Ya share ido da gefen rawanin da ya saba ɓoye dariya da shi. "Wancan ɗin ni ne. Tun da ta rasu ban sake jin an kira ni haka ba."

Mikail ya sake ɗaukowa daga farko. Da ya iso wurin, yayansa ya amsa masa, da muryarsa ta jan baƙi wadda ba ta san hanyar waƙa ba. Garba ya hau tafi, ni ma na bi, Shehu ya rasa abin yi ya jefa ƙwaya sama ya cafe.

Yanzu shekaru sun ja. Wadana ya mutu sau uku, Garba ya gaji da yaƙi ya koma ɓarawo da bakinsa. Mikail yana nan a rumfarsa, yana ɗinki yana waƙa, in ya ga inuwar mutum sai ya ƙara murya. Takardar kuwa ya yi mata bango na fata, ba ya bari kowa ya taɓa sai ni.

In ka buɗe za ka ga inda aka goge har takardar ta kusa hujewa. Ranar nan, da waƙa ta ƙare, Shehu ya miƙa hannu zai gyara kuskurensa, Malam Abdulbaqi ya riga shi ɗauka. Ya karɓi fensir, ya goge "malami" da kansa, ya rubuta "mawaƙi" da ajami, da irin rubutun da mahaifinsu ya koya musu. Ya juya bayan takardar, ya ga zanen gurmin, ya daɗe yana dubawa. Sannan ya miƙa wa ƙaninsa da hannu biyu.

"Riƙe ta da kyau," ya ce. "Wannan ba mai karya maka."