Kofin Shayi da Hannu Biyu

Ranar Juma'ar farko bayan alhazai sun watse, a shekarar da na cika goma sha ɗaya, Kawu Idi ya sauko daga motar Yanbu da kwali a kafaɗa. Hijira tana dubu da ɗari huɗu da 'yan kai. Ina tsugune a ƙofar gidanmu a Harra ta Yamma, wata unguwa a Madina, ina tankaɗe yashin suyar gyaɗa, rana ta gasa baƙaƙen duwatsun unguwa har ba a taka su sai da takalmi. Na ɗauka busasshen kifi ne, don kwalin yana warin teku. Ya dire shi a tsakar gida, ya yanke igiya, sai ga kaset ɗin bidiyo guda goma sha biyu, kowanne da rubutu kamar sawun kaji a jiƙaƙƙiyar ƙasa. Inna ta leƙa, ta ɗago ta dubi ƙanenta. "Wannan za mu ci?" in ji ta. Kawu ɗan dako ne a tashar jiragen ruwa ta Yanbu. Ya ce wani kuku mutumin Hong Kong, mai dafa wa ma'aikata abinci, ya ba shi aro, wasan talabijin ne na garinsu da yarensu da ake kira Kantoni. Ya riga ya sa musu lamba da biro, ɗaya zuwa goma sha biyu, don kada mu fara daga wutsiya.

Ba mu da bidiyo. Talabijin ma ba mu da ita. Maƙwabciyarmu Hala Zainaba ce ke da su, mijinta direba ne, ya sayo na hannu. Katanga ɗaya ta raba gidanmu da nata. Iyayenta daga Cadi suka zo, kakannin Inna daga ƙasar Kano, a ƙafa. Hausarsu ba iri ɗaya ba ce, suna yi wa juna dariya a kai, amma da ubana ya faɗo daga gini ina shekara shida, Hala ce ta ciyar da mu wata huɗu da kwana goma, har Inna ta fita takaba. Daga nan kwano bai daina tsallake katangar ba. Abin da aka dafa nan sai an ɗanɗana can, kuma kwano ba ya komawa wayam, ko dabino uku ne sai an sa.

Ban yi makaranta ba. Ƙofarta dai na sani fiye da waɗanda suka shiga. Kafin rana ta fito na ɗebo ruwa a bazan, famfon unguwa, garwa huɗu. In sare wa awakinmu uku ciyawar barsim da muke samowa a gonakin Kuba, inda masu gona ke barin mu tsinci dabinon da ya faɗo. Sannan in ɗauki faranti in bi Inna ƙofar makarantar 'yan mata. Inna na sayar da gyaɗa, da goruba, da 'ya'yan kuka waɗanda yaran Larabawa ke kira habhabo. Hala na zaune a gefenta da tukunyar balila, dafaffen hummus, wani irin wake, mai zafi da ake yayyafa wa ruwan tsami da yaji. Akwai doka a tsakanin matan talla, ba wanda ya rubuta ta, ba kuma wadda ba ta san ta ba: mata biyu da ke zaune ƙofa ɗaya ba sa sayar da abu ɗaya. 'Yar Hala, Sa'adiyya, tsarata ce, ita tana ciki ni ina waje. In an tashi sai ta jefar da jaka mu yi carafke da duwatsun Harra, ta koya mini lambobi da gawayi a jikin katanga. Ina yi mata Hausa tana amsa mini da Larabci. Ba ni da wata ƙawa bayan ita, ban kuma nema ba.

Haka muka fara kallo, kaset ɗaya kowace Juma'a bayan la'asar, in maza sun fita. Ana sauke labule, a rage sauti, don ba kowane maƙwabci ke son jin akwai bidiyo a unguwa ba. Ba fassarar Larabci a ƙasa, ba wadda ta san kalma ɗaya. Amma ido yana gani. Maza biyu ne, abokai tun suna yara, suna wanke kwanuka a gidan abinci ɗaya, suna cin shinkafa a kwano ɗaya da tsinke. Muka sa musu suna Dogo da Mai Tabarau. Suka buɗe gidan abinci tare, ya yi albarka. Daga baya Dogo ya ware ya buɗe nasa daura da na abokinsa, ya janye masa masu dafuwa. 'Yan uwa suka shiga, ƙanwar wannan tana auren wan wancan, aka riƙa zama a babban teburi mai zagaye ana nuna wa juna yatsa, ana buga wayar tarho da ƙarfi.

Tun kaset na biyu matan nan suka raba aiki. Inna ta ɗauki bakin Dogo, Hala ta ɗauki na Mai Tabarau. Duk abin da suka faɗa da Kantoni, mu da Hausa muke jin sa. Mai Tabarau ya buɗe baki, Hala ta ce, "Kai, ɗan tsamurmuri, wa ya ba ka wando ranar da ka zo garin nan?" Dogo ya amsa, Inna ta ce, "Wandon da ya tsaya mini a gwiwa? Halas, karɓi abinka!" Muna birgima a kan tabarma. In namiji da mace suka matso kusa da juna, Hala ta jefa mayafinta a kan talabijin, ta ƙirga goma, ta ɗage. Ban taɓa ganin Inna tana dariya har da hawaye ba sai a ɗakin nan.

Abu ɗaya ya ɗaure musu kai. Sau biyu muka ga wanda ya yi laifi ya zuba shayi a ƙaramin kofi, ya tsaya gaban wanda ya ɓata wa, ya miƙa da hannu biyu, kai a sunkuye. Inna ta ce magani ne aka zuba, don a rufe masa baki. Hala ta ce a'a, baiko ne. Da Kawu ya zo muka tambaye shi, shi kuma ya tambayo kuku. Ya ce haka suke ba da haƙuri. Mai laifi ya zuba da hannunsa, ya miƙa da hannu biyu. In an sha, magana ta mutu. In an ƙi, shi ke nan. A wajenmu ba haka ake yi ba. Sai an tara manyan mata, a zaunar da ke, a warware laifinki zare-zare a gaban kowa, sannan a ce ki nemi gafara. Babba kuma ba ta ba ƙarama haƙuri. Inna ta ji bayanin Kawu ta ce, "Su kam sun huta da dattawa."

Kaset na goma sha ɗaya ya ƙare Dogo na tsaye gaban Mai Tabarau, kofi a hannu biyu, shayi na tururi. Nan hoton ya tsaya. Saura ɗaya.

A makon nan ne Inna ta yi abin da ta yi. Ba zan gyara mata ba don ta mutu, ita ce ta fara. Sanyin Madina ya shigo, yara ba sa son gyaɗa mai sanyi, kowa na rububin balila. Kwana huɗu muna komawa gida da farantinmu kusan yadda muka fito da shi, ga ƙannena biyu, ga awaki. Ranar Asabar Inna ta jiƙa hummus, Lahadi ta fito da tukunya ta zauna a wurinta na kullum, taku biyu daga Hala. Ba ta gaya mata ba. Da ta gaya mata, na tabbata Hala za ta raba tukunyarta biyu ta ba ta rabi. Inna ta fi son ta ɗauka da a ba ta, halinta ke nan, ni ma shi na gada. Hala ta dubi tukunyar, ta dubi Inna. Ta ɗauki kayanta ta koma ɗaya gefen ƙofar, wajen da ba inuwa.

Daga ranar kwano ya tsaya. Na Hala, mai fure shuɗi, yana gidanmu, Inna ta wanke shi ta kife a kan taga. Sa'adiyya ta fito daga makaranta ta wuce ni, idonta a ƙasa, an hana ta. Lambobin da ke katanga sun tsaya a saba'in, ruwan sama guda ya wanke su. Juma'a ta zo, bidiyo yana can, kaset yana nan. Su ba abin da za su saka, mu ba inda za mu saka. Matan unguwa suka rabu, wasu suka ce bazawara mai marayu ba ta da laifi, wasu suka ce doka doka ce. Wata dattijuwa daga unguwar Ranuna ta aiko za ta shiga tsakani, Inna ta ce a gaya mata lafiya lau suke. Mako bakwai muka yi haka. Balilar Inna ba ta kai ta Hala daɗi ba, amma tana sayuwa, mun ci mun ƙoshi. Ban taɓa cin abinci marar daɗi irin na makonnin nan ba.

Sai Kawu ya aiko. Kuku ya gama aikinsa zai koma gida, ranar Asabar za a zo a ɗauki kwali. Ranar Alhamis da hantsi ina tsince wa Inna tsakuwa a hummus, na ce mata abin da ke bakina tun tuni. Na ce, "Inna, ke ce Dogo." Ta mare ni. Ban yi kuka ba, na ci gaba da tsinta. Ita kuma ta tashi ta shiga ɗaki ta daɗe.

Juma'a bayan la'asar ta hura gawayi. Ta dafa shayi da na'ana'a a butar da muke ajiyewa don baƙi. Ta juye sauran hummus ɗin da ke buhu a kwanon nan mai fure har ya yi tozo, ta ɗora mini a ka, ta sa mini kaset a hammata. Ta ɗauki buta da kofi ɗaya tak. Ba ta bi ta katanga ba, ta ƙofa ta zaga, a idon duk wanda ke layin. Hala na zaune a tsakar gida tana tsefe wa Sa'adiyya kai. Inna ta girme ta da shekara biyar. Ta yi sallama, ta zuba shayin, ta ajiye buta a ƙasa, ta tsaya a gabanta, ta miƙa da hannu biyu, ta sunkuyar da kai. Shayin ya zubo mata a yatsu, ba ta saki kofin ba. Hala ta bar ta a tsaye har na fara jin nauyin kwano a wuyana. Sannan ta cire matsefi daga bakinta ta ce, "Ya Hauwa, ba dai magani kika zuba ba?" Inna ta ce, "Sha ki gani." Hala ta karɓa, ta hura, ta shanye har ganyen. Ta ce sukari ya yi yawa. Ta ce wa Sa'adiyya, "Yalla, sauke labule."

Muka saka na goma sha biyu. Ga Dogo inda muka bar shi mako bakwai, kofi a hannu. Mai Tabarau ya dube shi, ya daɗe, sai ya kaɗe kofin da bayan hannu, ya fashe a ƙasa. Ya juya ya fita. Wannan karon ba wadda ta ɗauki bakin kowa. Gidajen abincin biyu suka rufe, abokan suka tsufa, a ƙarshe Mai Tabarau na tsaye shi kaɗai a bakin teku. Hala ta tashi ta kashe talabijin. Ta ce, "Wawa." Ta zuba wa Inna sauran shayin, wanda ya riga ya huce. Ranar Asabar, da aka koma makaranta, Inna ta fito da gyaɗarta, Hala ta dawo inuwa, tana tura mata duk yarinyar da ta sayi balila ta ƙara da goruba. Sa'adiyya ta samo gawayi muka tashi daga saba'in da ɗaya.

Yanzu duwatsun nan an bi su da kwalta, inda katangarmu take mota ce ke kwana. Inna da Hala suna kwance a maƙabartar Baƙi'a, wata tara tsakanin rasuwarsu. Sa'adiyya tana Yanbu wajen 'ya'yanta, har yau ina yi mata Hausa a waya tana amsa mini da Larabci. Jikokina suna kallon irin wasannin nan kowa a tafin hannunsa, da fassara a ƙasa, kowa shi kaɗai, ban taɓa jin ɗayansu ya yi dariya irin tamu ba. Babbarsu ta ce in ba ta labarin sosai za ta nemo mini wasan da Larabci, in ji abin da Dogo ya faɗa da gaske. Na ce ta bar shi. Na riga na ji shi da bakin uwata.