Gyaran Malam Datti

Shekara talatin Malam Datti yana awon gero da dawa a kasuwar Kabo, kuma kowa ya san hannunsa. In ya cika kwano ya yi tozo, sai ya ƙara da dintsi guda, gyara ke nan. Shi ya sa matan Garo da Masanawa masu fura ba sa tsayawa wajen kowa sai wajensa.

Da harka ta buɗe har ya kama shago da sito, sai wani ɗan kamfani daga Kano, Zainulabidin, ya lallaɓa shi ya sayi manhajar lura da kaya a kwamfuta. "Sau ɗaya za ka biya, Baba," in ji shi. Bai ambaci sola ba, balle data, balle firinta mai cin takarda kamar akuya, balle sabuntawar duk shekara.

Duk wannan Datti ya shanye. Abin da ya gagara shi ne manhajar ba ta san gyara ba. A wajenta buhu kwano arba'in ne. In Datti ya auna da irin hannunsa, talatin da bakwai ke fitowa, sai ta yi ja ta ce kaya sun ɓata. Mutumin da ko allura bai taɓa ɗauka ba, ga kwamfuta na yi masa kallon ɓarawo! Sai ya daina gyara.

Ranar kasuwa tsohuwa Hajjo mai fura ta zo daga Masanawa. Ya auna mata, ta tsaya riƙe da bakin buhu a buɗe.

"Malam, hannun ne ke ciwo?"

"Inna, kwamfuta ce ta hana."

"To sayar mata, ta dama ta sha." Ta juye masa geronsa ta wuce gaba. Kafin sati biyu rabin matan sun bi ta.

Datti ya buga wa kamfanin waya: "Gyara nake so a sa mini." Washegari injiniya ya iso da jakar sukundireba, ya kwance kwamfutar, ya mayar, ya ce lafiyarta lau, ya karɓi kuɗin mota da na aiki. Da aka fahimci juna, sai aka ce ai buɗe wa gyaran awo gurbi a manhajar sabon aiki ne, da sabon farashi.

Datti ya shafa gemu. Ya jingine buhu guda na ɗibar gyara a bayan ƙofa, wanda ba a taɓa ba kwamfuta labarinsa ba, ya hau babur har Masanawa ya shaida wa Hajjo gyara ya dawo.

"Ita uwar ɗakin taka ta sani?"

"Rufa mini asiri, Inna. In kin zo, ki yi magana ƙasa-ƙasa."