Ruwan da Ke Bayan Ƙofa

Salamu alaikum jama'a. Ni ce Iya Asabe ta Kadawa. Kun daɗe ba ku ji ni ba, har wasu sun zaci na tafi. Ban iya rubutu ba, 'yata Hajara ce ke dannawa a waya, ni ina faɗa.

Tari ne ya fara min wajen tsinkar tumatir. Na ce feshin gona ne. Sai rama, sai gumi, sai ga jini a bakin zanina. Wallahi na tsorata.

A asibiti suka ba ni 'yar roba in tofa kaki, suka ɗauki hoton ƙirji. Likita ya ce, "Iya, tibi ne. Yana warkewa, amma wata shida ba fashi." Magani kyauta, kuɗin mota kuwa sai da akuyata ta tafi.

Aka ware min kwano da ɗaki. Jikoki daga tsakar gida suke gaishe ni. Sai ni sai rediyo.

Akwai wata waƙa da suke yawan sakawa. Yaron da ke rera ta yana cewa shi ruwa ne da aka tare bayan ƙofa, ba mai leƙo shi, a ɗaga masa ya tafi. Na ce wannan mutuwa yake roƙo, kuma da ni yake. Na ce wa Hajara ta daina wahalar karɓo magani. Ta yi kuka, ta kira Tabawa, ƙawata ta wajen tsinkar tumatir.

Tabawa ta zauna a bakin ƙofa, aka kunna mata waƙar a waya. Ta saurara, ta yi tsaki.

"Asabe, kin tsufa a bakin kanal a banza. In aka ɗaga ƙofar kanal don ban-ruwa, ruwa maƙabarta yake tafiya? Gona yake tafiya. Yaron nan mutane yake so, kamar ke. Ga maganinki, haɗiye, ina kallo."

Na haɗiye. Kullum da hantsi tana nan, tana zagina ina sha.

Yanzu an sake gwaji, an ce ba komai. Alhamdulillahi. Allah ya saka wa ma'aikatan asibiti, da Hajara, da bakin Tabawa.

In tari ya daɗe, ku je a duba. Kar ku yanke magani. In kun ware wa mara lafiya kwano, kar ku ware masa hira.

Har yanzu gabana na faɗuwa in na yi tari. Amma jiya jikata ta sa hannu a kwanona, ba wanda ya ce mata cire.